Ƙullin da ke kan tsirkiyar Baba

Ku duka kun taɓa tambayata inda manuniyar hannuna na dama ta tafi, kuma ku duka amsa ɗaya na ba ku: wai gatari ne ya kuɓuce mini ina faskare a Aljirif, inda muke gasa tubali. To, gatarin gaskiya ne, Aljirif ma gaskiya ce. Kuɓucewar ce ƙarya. Na daɗe ina cewa sai kun yi hankali zan gaya muku, ga shi har wasunku sun haifi nasu, ni ne dai ban yi ƙarfin halin ba. Yanzu furfura ta cinye kaina, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba na so wata rana ku tsinci labarin a bakin wani, ya ba ku rabi ya riƙe rabi. Amma ba za ku gane zancen yatsan ba sai na fara da bakan nan da ke rataye a ɗakina, wanda kuke cewa ya fi ku gata.

Kakana maharbi ne. Ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, niyyarsa Makka, da baka a kafaɗa da kwari a baya. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, cikin ƙasar Sudan, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara na gaba, sai ga aure, sai ga 'ya'ya, Makka ta yi ta jiransa har ƙasa ta rufe masa ido. Babana ya gaji bakan, ya yi shekaru yana tsaron gonakin dawa da shi, yana kawo wa Inna zabin daji da zomaye. Da aikin gona ya lalace muka tattaro muka dawo Omdurman, muka sami fili a Alsawra, can harar ƙarshe, wato unguwar ƙarshe, inda gidaje ke ƙarewa fako ya fara. Baba ya kama gadin wani shagon katako. Ba zabo a Alsawra, ba zomo, amma duk Juma'a bayan la'asar sai ya saɓi buhun da ya cusa wa ciyawa, ya zana masa da'ira da gawayi kamar faɗin tafin hannu, ya kora mu gaba ni da Yaya Usman zuwa fako. Maƙwabta Larabawa suna leƙowa suna dariya, wai Hausawa sun fita yaƙi da buhu. Baba ko a jikinsa.

Wata rana na tambaye shi ko wannan ne ainihin bakan da kaka ya zo da shi. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa.

"Itacen an sake shi sau biyu," in ji shi. "Tsirkiya kuwa ba ta ƙirguwa. Abin da ya zo daga gida, Adamu, riƙon ne. Shi ne bai taɓa canzawa ba."

Ga riƙon, ku karanta da kyau, don shi ne abin da ban iya nuna muku da hannu ba. Yatsu uku ne ke aiki. Manuniya tana saman gindin kibiya, na tsakiya da mai bi masa suna ƙasa. Tsirkiya tana kwanciya ne a tsagar gaɓar farko, ba a kan tsinin yatsa ba, ba kuma can cikin hannu ba, kuma wuri ɗaya kullum, ko da mutum harbi ɗari zai yi. Babban yatsa da ƙarami a naɗe su, ba ruwansu. Kibiya tana tsakanin yatsu amma ba a matse ta, taɓa ta kawai ake yi, don in ka matse ta za ta karkace tun kafin ta tashi. Sai ka ja, ka ja, har manuniya ta taɓa gefen bakinka. Nan ne ma'auni. In ta taɓa nan yau, ta taɓa nan gobe, kibiyar yau da ta gobe rami ɗaya za su shiga. Sakin kuwa, Baba cewa yake yi ba a fizgar hannu, sassauta yatsu kawai ake yi tsirkiya ta tafi abinta. Na fi shekara yana sa ni ja da saki ba kibiya, yana tsaye yana duban yatsuna, da 'yar tsumagiya a hannu.

Yaya Usman, Allah ya jiƙansa, bai taɓa iyawa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ya girme ni da shekara bakwai, ya tashi a gonar auduga tun yana bin bayan Inna da buhu, hannunsa ya riga ya koyi abu ɗaya: ka kama da babban yatsa da manuniya, ka matse, ka fizgo. Da ya ɗana kibiya sai hannun ya koma Jazira. Ya matse gindinta, ya fizgi tsirkiya gefe, kibiya ta nufi inda ta ga dama. Akwai ranar da ya kusa huda akuyar mutane.

"Usman! Harbi kake ko tsinkar auduga?" Baba yakan daka masa tsawa. "Wa zai auna maka ita a nan?"

"Baba, ai buhun ne ke motsi."

"Buhun uwaka. Ba wa Adamu bakan."

Yaya Usman da kansa yake miƙo mini bakan yana dariya, ya koma gefe ya zauna yana mini kirari. Ni an kawo ni birni ban kai tsinkar auduga ba, hannuna bai koyi komai ba, sai Baba ya rubuta abin da yake so a kai. Kafin in kai ashirin ina zuba kibiya biyar cikin da'irar nan, kuma Baba ba ya yabo, amma na ji shi yana gaya wa Inna cewa yanzu ko ya mutu riƙon ya sami gida. Tsakani da Allah na ji daɗin maganar nan fiye da duk abin da aka taɓa ba ni.

Sai shekarun kasha suka zo. Ku ba ku san kasha ba, kuma ina roƙon Allah kada ku san ta. Sojoji ne ke tare bakin gada ko tashar mota, su sauke duk wani saurayi, wanda ba shi da takardar ya yi hidimar soja a jefa shi a lori. Daga lori sai sansani, daga sansani sai kudu, inda ake yaƙi. Abin haushin, ranar da muka je neman takardar zama ɗan ƙasa, mu baƙi ne, sai mun kawo shaidar kakan kakanmu. Ranar kasha kuwa ba wanda ya tambayi kakan kowa. An kama Yaya Usman da safe yana hanyar kasuwa da kwandon tumatir. Wani mai shayi ne ya kawo mana kwandon. Wata takwas muna jira, sai wani da suka tafi tare ya dawo da sanda a hammata, ya zauna a ƙofar gidanmu ya kasa haɗa ido da Baba. Ba gawa, ba kabari, ba ko takalmi. Bayan kwana uku Inna ta fara kallona, kuma daga ranar ba ta daina ba.

Ni a lokacin ina aiki a kamina, wato wurin gasa tubali, a bakin kogi a Aljirif. Can nake kwana, ran Alhamis in dawo gida, kuma ba hanyar dawowa sai ta gada. Sau biyu na tsallake rijiya da baya. Sau ɗaya wata tsohuwa ce ta jefa mini mayafinta na kwanta a ƙarƙashin kujerar mota kamar kayan wanki. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro nake ji. Ba kuma irin tsoron da ake ji ya wuce ba. A kamina kuwa ana ta raɗe-raɗin cewa wanda ba shi da yatsan jan kunamar bindiga ba sa ɗaukarsa. Na kawo maganar gida wata Juma'a da hantsi, muna zaune a rumfa ana shan shayi, na faɗe ta kamar labarin wasu. Inna ta ajiye kofinta.

"Wane yatsa ne?" ta ce.

"Manuniya, Inna. Ta dama."

Baba ya gane inda aka dosa tun kafin a isa. Ya ce, "Kul. Kada in ƙara jin wannan zance a gidana. Jiki amana ne, ba naka ba ne balle ka yanka. Da wanne za ka yi shahada a salla?"

"Malam," in ji Inna, "Usman da yatsunsa goma ya tafi. Ina suke?"

"Kwanansa ne ya ƙare."

"To na wannan bai ƙare ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. Ko dai bakan kake ji, ba yaron ba?"

Ban taɓa jin Inna ta yi wa Baba magana haka ba, kafin ranar ko bayanta. Baba ya miƙe, ya zura takalmi, ya tsaya a bakin rumfa bai juyo ba.

"Na bi ta wajen mutanen da na sani, ana neman masa takarda. Ku yi haƙuri. Adamu, yatsan nan tun daga Haɗeja ya taso. Kada ka zama kai ne ka tsayar da shi."

Na yi haƙuri wata biyu. Takarda ba ta fito ba, wanda ya yi alkawari ya daina amsa sallamar Baba. Ran wata Laraba aka zo har bakin kogi aka kwashe samari huɗu daga kaminar da ke kusa da tamu, ni ina kwance cikin ramin da muke kwaɓa laka, ina jin kukan ɗayansu yana kiran uwarsa. Washegari da safe aka sa ni faskaren itacen wuta. Na duba hagu da dama, na ɗora hannu a kan kututture, na yi bisimilla, don ban san me zan ce ba in ba ita ba. Ba zan ba ku labarin sauran ba. Abokan aiki suka naɗe hannun da rawani suka kai ni wajen likita, kowa na cewa tsautsayi, ni ma ina cewa tsautsayi. Likitan ya ɗinke, ya dube ni ta saman tabarau, ya sallame ni.

Da na iso gida Inna ta rungume ni tana kuka tana hamdala a lokaci guda. Baba ya fito daga ɗaki, ya kama hannun, ya juya shi, ya daɗe yana kallon ƙullin tsumman.

"Gatari ne, Baba. Kuɓucewa ya yi."

"Gatarin ya iya zaɓe," ya ce, ya saki hannun ya koma ciki.

Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai zage ni ba, bai kore ni ba, da ma ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Ina gaishe shi yana amsawa, muna ci a kwano ɗaya, amma ba ya duban hannuna, ba ya kuma kiran sunana sai dole. Bakan ya bar jikin bango ya koma ƙarƙashin gadonsa. Ran Juma'a bayan la'asar sai ya saɓi buhu shi kaɗai ya fita, ko waiwaye ba ya yi. Ana cikin haka kasha ta kama ni a bakin gada, kamar yadda na sani za a yi. Aka kai mu sansani, mai dubawa ya ɗaga hannuna, ya ce wa na kusa da shi da Larabci wannan ba shi da amfani, aka buga mini takarda aka nuna mini ƙofa. Na sami abin da nake nema. Na fito ina tafiya a rana, kalmar nan tana bina, don na san akwai wani a gida da yake ganin haka ko bai faɗa ba.

Ban lura da wuri ba cewa Baba ma ya naɗe manuniyarsa ta dama. Ya lanƙwashe ta cikin tafin hannu ya ɗaure da tsiri na fata, ya rufe da tsumma. Inna ta tambaya, ya ce ƙaya ce ta soke shi a wurin katako ta kumbura. Mako ya wuce, wata ya wuce, ƙaya ba ta warke ba. In zai yi alwala sai ya juya baya ya kwance tsumman, ya gama ya mayar. Inna ta kawo lalle, ta kawo man ɗaci, ta ce a je asibiti, ya ce a bar shi. Ni kuwa ina can ina fama da raina, na ɗauka duk duniya ni kaɗai ke da ciwo a hannu. Sai wata Juma'a, bayan ya fita da buhunsa, Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Tashi ka bi ubanka."

"Inna, ba ya son ganina a can."

"Ban ce ka je ya gan ka ba. Na ce ka bi shi. Ni na wanke rigarsa, na ga jini a hannun rigar. Wannan ba ƙaya ba ce."

Na bi shi daga nesa, na laɓe a bayan wani kangon gini da ba a gama ba. Abin da na gani har yau ban manta da shi ba. Baba, wanda ban taɓa ganin kibiyarsa ta fita daga da'ira ba, yana harbi kamar Yaya Usman. Ya ɗana kibiya, ya kama tsirkiya da yatsun da suka rage masa, ya fara ja, sai gindin kibiyar ya zame sama ya kuɓuce, don ba abin da ke tare shi. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya sake gwadawa da yatsu biyu, ta tashi ta faɗi rabin hanya. Ya gwada da uku har da ƙaramin, tsirkiya ta zabge shi a damtse, na ji ƙarar daga inda nake. Ya tsaya, ya duba yatsunsa, ya matsar da tsirkiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya kai na tsakiya gefen bakinsa yana neman inda zai zauna, yana magana shi kaɗai. Tsoho mai shekara kusan saba'in, cikin rana, yana tafiya yana tsintar kibau a fako. Ashe tun ranar da ya ga hannuna ya ɗaure nasa, don ya ce ba zai iya koya mini abin da bai sani ba. Na zauna a bayan kangon nan na yi kukan da ban yi ba ranar gatari. Ban fito ba, na san in ya gan ni zai ji kunya, na lallaɓa na riga shi komawa gida.

Ya ƙara wajen wata uku a haka. Ran nan, Juma'a, na ga ya saɓi buhu, ya tsaya a tsakar gida yana gyara hula.

"Adamu. Ɗauko kwarin nan, ka tsaya kana kallona kamar baƙo."

A fako ya miƙo mini bakan. Na ga wani abu da babu shi a da: ƙulli a tsakiyar tsirkiya, na zaren da Inna ke ɗinkin katifa, an naɗa shi an shafe da kakin zuma, girmansa bai fi ƙwayar dawa ba. Ya ce in sa gindin kibiya a ƙarƙashin ƙullin, ya tokare da shi. Yatsu biyu, na tsakiya da mai bi masa, duka a ƙasa, tsirkiya ta shiga ɗan ciki kaɗan fiye da da, don su biyu ne za su ɗauki nauyin uku. Na tsakiya shi zai taɓa gefen baki yanzu, kuma tunda hannu ya sauka, sai in saukar da saiti kaɗan. Ya kama yatsuna ya jera su da kansa, karo na farko da ya taɓa hannun tun ranar da na dawo da shi a naɗe. Na ja. Dungulmin ya yi mini zafi. Ta farko ta wuce ta saman buhu. Ta biyu ta kama gefensa. Ta huɗu ta shiga da'ira, ba tsakiya ba, amma ciki.

"To," ya ce. "Ƙullin nan shi ne manuniyarka. Shi ma in ka ga dama ka sa masa gatari."

Na buɗe baki zan roƙi gafara, ya ɗaga mini hannu.

"Uwarka ta fi ni gaskiya. Da kai da riƙo aka ce in zaɓa, na tsaya ina lissafi. Je ka kwaso kibau, rana na faɗuwa."

Da na dawo na tarar yana kwance fatar daga yatsansa, ya jefar da ita. Manuniyar ta motse, ta yi fari, ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya yi ƙoƙarin miƙe ta ta ƙi. Ya ce kwana biyu za ta saki. Inna ta yi ta gasa ta da ruwan ɗumi tana murzawa da man riɗi har aka gaji, gaɓar tsoho ce, ta riga ta ƙage. Daga shekarar Baba bai ƙara harbi da riƙon kaka ba, ko ya so ba zai iya ba. A masallaci muna sahu ɗaya, in aka zauna tahiya kowa ya ɗaga manuniya, ni da shi sai dai mu ɗaga a zuci.

Saboda haka riƙon da na koya muku, wanda kuke gaya wa abokanku wai daga Haɗeja ya zo, ba daga can ya zo ba. A bayan harar ƙarshe ta Alsawra aka haife shi, kuma kun ji abin da aka biya. Na Haɗeja a hannuna ya tsaya, ni na tsayar da shi, ba soja ba, ba gatari ba. Ban yi nadamar rayuwa ba, da na tafi kudu da wataƙila babu ko ɗayanku, amma ba zan ce muku kyauta na same ta ba. Ku kuna da yatsunku goma. Na rubuta muku tsohon riƙon a sama dalla-dalla, wanda ya ga zai iya ya tayar da shi, zan ji daɗi. Abu ɗaya na roƙe ku: duk wanda ya sake wa bakan nan tsirkiya, ya mayar da ƙullin, ko ba ya bukatarsa.

Baba ya rasu shekara shida bayan haka, da rana tsaka, bayan gajeriyar jinya. Ni na yi masa wanka, ni da limamin unguwa. Da muka zo hannun dama liman ya kama manuniyar zai miƙe ta, ya ja a hankali, ta ƙi. Ya dube ni, ya ce ko in gwada. Na ce masa a'a, Malam, a bar ta. Haka muka sa shi a likkafani da ita a lanƙwashe.